Manhajar kyauta na cin kuɗi idan bugu ya saɓa da bugu

MASHEGU: A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙaramar hukumar Mashegu da ke masarautar Kontagora a Jihar Neja kan cike takardun alƙaluman haihuwa da na allurar rigakafi, sa'annan a shigar da su cikin DHIS2, manhajar da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tara bayanan ƙasa da ita. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar gina ta, kuma ba a sayar da ita. Kowa na iya ɗauko ainihin rubutunta ya harhaɗa a na'urarsa.

Wannan sauƙi ne ke jawo hankalin masu makarantu, asibitoci da shagunan sari zuwa ga irin waɗannan manhajoji. Sai dai kyautar a rubutun ta tsaya. Harhaɗawar ita ce aiki, kuma a nan ne ƙwararren da aka ɗauko daga Minna ko Kaduna kan kwana uku a kan abin da ya ce zai gama kafin la'asar, janareto na shan mai.

Dalili shi ne babu manhajar da ke tsaye da ƙafarta. Kowace an gina ta ne a kan wasu tubala da wasu mutane dabam suka rubuta, kowane tubali kuwa da lambar bugunsa. Bugu na 41 na DHIS2, wanda ya fito a 2024, sai da Java 17 yake aiki. Na'urar da ke ɗauke da Java 11 za ta ƙi shi, ko da kuwa ta yi shekaru tana tafiyar da bugun baya lafiya lau.

Akasin haka ma na faruwa, kuma shi ya fi rikita mutane, domin na'urar sabuwa ce fil. Tsarin Ubuntu 22.04 ya zo a watan Afrilun 2022 da OpenSSL 3.0, tubalin da ke ɓoye bayanai a kan hanyar intanet. Nan take PHP 7.4, wanda tsofaffin manhajojin makarantu da na kasuwanci da dama suka dogara a kansa, ya daina harhaɗuwa ba tare da gyara ba, saboda an cire wani abu da yake nema. Haka nan injin harhaɗawa na GCC 14, a 2024, ya mai da wasu kurakuran rubutu da a da yake gargaɗi kawai a kansu zuwa laifin da ke tsai da aiki ɗungurungum. Rubutun bai canja ba. Alƙalin ne ya ƙara tsanani.

Masana aikin kan fara ne da kuskuren farko da na'ura ta nuna, ba na ƙarshe ba, don sauran galibi 'ya'yansa ne. Daga nan su gwada lambobin bugun da ke na'urar da waɗanda takardar bayanin manhajar ta nema. In sun saɓa, a kan girka tsohon tubalin a gefe guda ba tare da taɓa na tsarin ba, ko a killace manhajar da kayanta a cikin akwatin Docker.

Amma fa komawa ga tsohon tubali rance ne, ba biya ba. An daina gyaran OpenSSL 1.1.1 kyauta tun watan Satumban 2023, Python 2 kuwa tun farkon 2020. Mai asibitin da bayanan majinyatansa ke zaune a kansu ya bar ƙofa ba sakata. Saboda haka ya dace yarjejeniyar kwangila ta ambaci lambar bugun kowane tubali, da wanda zai biya kuɗin sabuntawa ranar da aka daina kula da shi.