Yadda ake gane ko wutar uraniyom na hawa ko sauka

Tun shekara ta 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit. Kowa ya ji sunansa. Amma yaya ake tsare wutarsa?

Ana sa uraniyom cikin wata tukunya da ake kira tukunyar nukiliya. Akwai ƙarama a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Ta bincike ce, ba ta ba gari lantarki.

Cikin tukunyar, ƙwayar uraniyom takan fashe, ta ba da zafi, ta saki ƴan mitsi-mitsin abubuwa biyu ko ukku masu suna nitiron. In ɗaya cikinsu ya fasa wata ƙwaya, wuta ta tsaya daidai. In sun wuce ɗaya, tana hawa. In ba su kai ba, tana sauka. Abin da ma'aikaci yake son sani ke nan, don ya tura sandar da ke shanye nitiron, ko ya ja ta.

To, ga wuyar. Ma'aunin da ke ƙidaya nitiron ba ya tsayawa wuri ɗaya, rawa yake yi, don ƙwayoyin ba bi da bi suke fashewa ba.

Ku dubi barajin Ibohamane ranar iska. Ruwa na taɓa nan, yana taɓa can. Wanda ya duba sau ɗaya zai ce ruwa ya ƙaru, alhali igiya ce. Mai hankali yakan duba sau goma, ya haɗa, ya raba goma. Haka kwamfuta take yi da ma'aunin tukunya. Sai dai in ta daɗe tana tara awo, labari zai iso a makare. In ta yi gaugawa, rawar za ta ruɗe ta. Gwaninta ita ce a sami tsakiya.

Akwai kuma nitiron masu jinkiri. Ba su kai ɗaya cikin 100 ba, wasu sai bayan kamar minti guda suke fitowa. Dole kwamfuta ta sa su cikin lissafi. Jinkirinsu ne ke ba ma'aikaci lokacin motsa sanda.

Mu ma mu riƙe wannan: awo ɗaya ba ya isa a yanke magana, ko na ruwan baraji ne, ko na nauyin jariri a asibiti.