Teburin Mai Shayi a Matameye: Hidima, Bashi da Tsaron Dare

Matameye, hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, tana zaune ne a kan hanyar da ta rabu da babban titin ƙasa a Takeita ta gangara kudu zuwa Ɗan Barto, inda ƙasar Nijar ta ƙare, daga nan kuma sai Kwangwalam da Daura har zuwa Kano. Garin da ke kan irin wannan hanya ba ya rabuwa da baƙi, domin direbobin manyan motoci da fatake da masu sarin rake daga fadamun yankin da matasan da ke tafiya cin rani duk sukan yada zango a cikinsa, kuma kowannensu yana bukatar wurin da zai zauna ya sa wani abu mai ɗumi a ciki, ya ji labarin hanya, ba tare da ya shiga gidan kowa ba. A wasu ƙasashe mashayar unguwa ce ke ɗaukar wannan nauyi, amma a Matameye, kamar sauran garuruwan Hausa, teburin mai shayi ne ya ɗauke shi.

Ba wai dokar Nijar ta haramta sayar da giya ba ne, kuma tun da jihohin arewacin Nijeriya irin su Katsina da Kano da Jigawa suka koma aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 an ga yadda wasu masu wannan sana'a suka tsallako garuruwan bakin iyaka. Sai dai mashaya a garin Musulmi wuri ne na bayan katanga, wanda mai shigarsa ba ya son a gan shi, ga kuma fargabar da ba ta gushe ba tun tarzomar Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci da mashayu a birnin Damagaram. Haka kuma bai kamata a rikita teburin da fada ba, wato zaman da samari abokan juna kan yi a ƙofar gida suna dafa shayin gawayi a ƙaramar buta, domin fada ta 'yan ƙungiya ce kuma ba a sayar da komai a cikinta, alhali teburin mai shayi na duk wanda ke da kuɗin kofi ɗaya ne.

Kayan aikin ba su da yawa: dogon tebur da aka lulluɓe da leda, benci biyu ko uku, babbar tukunyar ruwan zafi a kan murhu, kaskon suyar ƙwai, sai gwangwanayen madara da Nescafé da aka jera kamar ganuwa, da burodi a gefe. Abin da ke bambanta wani tebur da wani shi ne hannun mai shi. Gwani yakan zuba garin madara da sukari, ya kwarara ruwan shayi ta cikin rariya, sa'an nan ya ɗaga kofi sama ya riƙa juye shi cikin wani kofin, ruwan yana zubowa kamar igiya ba tare da ɗigo ya faɗi ƙasa ba, har zafin ya sassauta kumfa ta taso. Wanda aljihunsa ya yi nauyi yakan ce a yi masa mai kauri, wato wanda aka cika wa madara, shi kuwa wanda ranar ba ta yi masa kyau ba sai ya nemi ruwan bunu, wato shayin da babu madara a cikinsa, kuma alamar mai shayi na ƙwarai ita ce ya miƙa kofunan biyu da fuska ɗaya. Masu zuwa teburin sun fi kula da wannan fiye da ɗanɗanon shayin kansa, tunda an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mutum ba ya mantawa da teburin da aka bar shi yana jira don an ga mai babbar riga ya iso bayansa.

Yadda ake kiran juna ma wani ɓangare ne na hidimar. Mai tebur yakan kira dattijo Baba ko Alhaji, malamin lakwal kuma Mushe, wato kalmar girmamawa da aka aro daga Faransanci, yayin da su kuma suke kiransa Malam ko kuma Mai shayi kawai, har a manta da sunansa na yanka. Idan wanda aka saba da shi ya zauna ba ya bukatar yin bayani, domin an san ko ƙwai nawa ake fasa masa, an san ko likita ya hana shi sukari. Baƙo ne ke ɗanɗana ɗaya fuskar wannan tsari, saboda babu farashi a rubuce, kuma shi ne ya fi yawan ƙorafin cewa an tsuga masa kuɗi ko an rage masa madara.

Lissafin kuɗi a nan yana da nasa wahala. Ana ƙirga sefa da dala, wadda take daidai da faran 5, ta yadda dala ashirin ke nufin faran 100, jika kuma 1,000, sannan ga naira da ke yawo a hannun matafiya, wadda darajarta ke hawa da sauka ba tare da ta yi sallama da kowa ba. Mai shayin da ya karɓi naira da safe yana iya tarar da ribarsa ta zube kafin ya je sayen madara, don haka gardama kan canji ta fi kowace gardama yawa a bakin teburin. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sun taɓa wannan sana'a ta fuska biyu, domin matafiya sun ragu, kayan da ake shigowa da su kuma sun yi tsada. A irin wannan lokaci ne littafin bashi ke yin kauri. Kalmar «a rubuta» ita ce mafi nauyi da ake furtawa a teburin, kuma mai shayin da ya ƙi rubutawa zai rasa unguwa, wanda kuma ya rubuta wa kowa zai rasa jari. Adalci ne a faɗi cewa a cikin wannan ciniki mai tebur ne ya fi ɗaukar kasada, domin ba shi da wani jingina face kunyar wanda ya ci bashin.

Batun tsaro kuwa ya fara ne daga bokitin wanke kofi. Inda ruwa ke zuwa da garwa ko jarka ana saye, akwai jarabar a wuni ana tsoma kofuna cikin ruwa ɗaya har ya yi fari da madara, kuma annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, ta isa ta tuna wa kowa cewa tafasasshen shayi ba ya kare mutum idan kofin da aka zuba shi ba shi da tsabta. Ga burodin da ake bari a buɗe cikin ƙurar hunturu, ga ƙwan da ya kwana biyu cikin zafin bazara, ga kuma kwalaben fetur na 'yan bumburutu da akan jera a bakin titi, wani lokaci taku kaɗan daga murhun da ke ci. Mai saye ba shi da hanyar auna ɗaya daga cikin waɗannan sai da idonsa, shi ya sa waɗanda suka san abin da suke yi sukan dubi bokitin kafin su dubi gwangwanayen.

Da dare al'amarin yakan juya, teburin ya zama shi ne mai ba da tsaro. Fitilarsa ce takan rage a kunne bayan shaguna sun rufe, kuma hakan ya ƙara fitowa fili a watannin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, bayan juyin mulkin 2023. Ɗan kabu-kabu, wato mai haya da babur, yana ajiye babur ɗinsa inda mai shayi ke ganinsa, matafiyin da mota ta sauke cikin dare yana ba shi ajiyar jaka, kuma shi ake fara tambaya idan an ga baƙuwar fuska tana kai da kawo. Amma hasken da ke jawo mutanen kirki shi ke jawo matasan da ke haɗiyar tramol, ƙwayar rage zafin ciwo da aka mayar abin maye, suna kora ta da Nescafé mai ɗaci, kuma tebur yakan rasa dattawansa cikin 'yan makonni idan mai shi ya kasa tsawatar musu. Mata ba sa zama a kan benci ko da rana, sai dai su aiko yaro da kwano mai murfi, don haka rabin mutanen garin sun san teburin ne ta bakin ɗan aike kawai.

Wanda ba a cika ambata ba idan ana yabon tebur ko kushe shi shi ne yaron mai shayi, wanda sau da yawa almajiri ne ko ɗan ƙauye da ya shigo gari da rani. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke hura wuta tun kafin kiran sallar asuba, shi ke wanke kofunan da lafiyar masu sha ta rataya a kansu, kuma shi ake daka wa tsawa idan shayi ya makara, alhali ladansa bai wuce abinci da 'yan daloli ba. Tsabtar da mai saye ke nema tana hannun yaron da bai sami barci isasshe ba, wanda kuma ba shi da ikon zubar da ruwan bokiti sai maigidansa ya yarda a sayi wata jarkar. Da yawa daga cikin masu teburan yau ta wannan hanya suka koyi sana'ar, suna wanke kofi shekara da shekaru kafin maigida ya ba su tsohuwar tukunya da benci ɗaya su kafa nasu a wata kusurwar garin.