Jaridar Biro: Daga Daura Har Landan

'Yan uwana mata, ina aji huɗu a sakandare a nan Daura na fara jarida, da biro da fallen tsakiyar littafi. Labarin mawaƙa kawai nake rubutawa, kwafi biyar, ƙawaye su karanta su miƙa gaba.

Da Barmani Choge ta rasu a 2013, sai na je gun wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya a unguwarmu, ta ba ni labarin amada har na cika shafi huɗu. Wata malama ta kama takardun, ta kai gida. Baba ya ce, "Ke, marokiya za ki zama? In na sake gani, boko ya ƙare." Wallahi kwana na yi ina kuka.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. A Landan a 1976, wani ma'aikacin banki, Mark Perry, haka ya fara Sniffin' Glue da kwafi 50, kan kiɗan samari masu bore da ake kira punk. Daga nan abokinsa Danny Baker ya zama marubuci a jaridar waƙa ta NME.

Tsohuwar nan ta rasu. Shafukan huɗu da Inna ta ɓoye min a adaka, su kaɗai suka rage na maganarta.