Gajimaren da ba ya kawo ruwa

Idan aka ɗauke wuta bayan Isha'i a watan Janairu, yawancin mutane laluben tocila suke yi. Ƙalilan ne ke ɗaga kai sama, alhali a lokacin ne tsakar gida ke zama wurin kallo na kyauta.

Abin da ido zai fara cin karo da shi taurari uku ne a jere, kai ka ce da igiya aka daidaita su. Su ne ɗamarar rukunin da Turawa ke kira Oriyon, Larabawa kuma Jauza'u, har yau ma sunayen Larabci suke amsawa: Alnitak, Alnilam da Mintaka. Wanda ya gane su ya kama bakin zare. Ya bi layinsu ta ɓangare ɗaya, zai faɗa kan Shi'ira, wadda ta fi kowace tauraruwar dare haske, wadda kuma aka ambata a Suratun Najmi. Ya juya ɗaya ɓangaren, zai wuce Dabaran mai ja-ja ya iske Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya. Mai lafiyayyen ido kan ƙirga shida ko bakwai daga cikinsu, amma sun haura dubu, madubin hangen nesa ne ke fito da sauran.

Babban abin kallon yana kudu da ɗamarar nan. Akwai wani ɗan gajeren jerin taurari mai dishi-dishi, kuma ta tsakiyar jerin ba ta da kaifi kamar sauran, sai ka ce an shafa ta da yatsa. Ba laifin ido ba ne. Gajimare ne na iskar haidirojin da ƙura, inda sababbin taurari ke haɗuwa har gobe, kuma zafin haskensu ne ke sa shi ƙyalli. Charles Messier, masanin taurari ɗan Faransa na ƙarni na 18, ya sa shi na 42 a kundinsa, shi ya sa ake ce masa M42. Haske, da ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sai ya yi tafiyar shekara kusan 1,350 kafin ya iso daga can. Ke nan hasken da ke sauka a tsakar gidan Kano a daren yau ya baro gida tun wajajen ƙarni na farko bayan Hijira.

Sai dai wanda ya saba da hotunan intanet masu ja da shuɗi zai iya cewa an yaudare shi. Kyamara ce ke tara haske na tsawon lokaci ta fito da launi; ido kuwa toka-toka kawai yake gani. Duk da haka, ganin ido ya fi hoto armashi.

Dabarar ba ta da wuya. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya ɓata aikin. A zaɓi daren da babu farin wata. Maimakon a tsura wa gajimaren ido, a kalli gefensa kaɗan, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni.

Hazon hunturu ne kaɗai ɗan kishiya. Ranar da ya yi kauri sai haƙuri, amma a nan an yi sa'a: Oriyon kan hau kusan tsakar ka a ƙasar Hausa, inda ƙura ba ta cika tare gani ba kamar a gindin sama. Daga Disamba har zuwa Maris yana nan kowane maraice, sai wajen Mayu ya ɓace a hasken faɗuwar rana.