Ko Wuta Tana Kashe Ƙwayoyin Cuta?

In kun zo shagon magani, ku kan ga tandu a bayan gini, inda a ke ƙone auduga da bandeji da tsummokin gyambo. Waɗansunku su kan ce, shin hayaƙin nan ba ya ɗauke da cuta zuwa gidajenmu? To, ku saurara ku ji yadda masana su ke gwada wannan.

Akwai waɗansu ƙwayoyi marasa cutarwa masu taurin rai, waɗanda su kan shige cikin ɓawo mai ƙarfi, har tafasasshen ruwa ba ya kashe su da sauri. Su a kan ƙidaya a zuba cikin shara, a jefa a tandu. Sa'an nan a sa bututu a bakin mafitar hayaƙi, a zuƙo hayaƙin ya bi ta cikin ruwa mai tsabta a kwalba. A kan ɗebi toka kuma. Sai a zuba ruwan da tokar a kan abincin da ƙwayoyin su ke so, a ajiye wuri mai ɗumi, kamar manomi mai gwada iri. In sun tsiro, wuta ba ta yi aikinta ba. In ba su tsiro ba, to, masu rauni irin na tarin fuka sun riga sun mutu.

Gwajin nan ya nuna maganar duka a kan zafi ta ke. Ruwa ya kan tafasa a digiri 100. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta ce hayaƙin tandun shara ya kai digiri 850, ya zauna haka daƙiƙa 2 kafin ya fita. Amma in tandu bai yi zafi ba, ko shara jiƙaƙƙiya ce, ko an cusa ta da yawa, ƙwayoyi su kan kuɓuta cikin hayaƙi ko toka.

Saboda haka, in kun ga ma'aikaci yana hura tandu da itace kafin ya zuba shara, ba ɓarna ya ke yi ba. Baƙin hayaƙi mai kauri alama ce wuta ba ta ci sosai ba, kada ku tsaya inda iska ta ke kai shi. Ku hana yara tonon toka, domin allura ta kan rage a ciki. A binne tokar a rami mai zurfi, nesa da rijiya.

Allah ya ba mu lafiya, amin.