Ƙaramin Yanka, Babban Aiki

[Kiɗan buɗe shiri]

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Mai Wurno da Sinnar da Sinja, da na ƙauyukan Jazira tun daga Hasahisa har Managil, da 'yan'uwa na Damazin da Rusairis. Shirinmu na yau a kan ciwon kwatangwalo ne, da tiyatar da ake cire gaɓar da ta lalace a sa ta ƙarfe da roba, musamman wadda ake yi da ɗan ƙaramin yanka, da ake ta tallarta a wayoyin mutane. Sai a gyara zama.

[Kiɗa]

Kakannin da yawa daga cikin masu jin mu da ƙafa suka zo ƙasar nan ta Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja ragowar jama'ar mahaifinsa zuwa gabas, har suka yada zango a bakin Nil Azrak, kudu da Sinnar, a garin da ke amsa sunansa yau. Wasu kuma maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya shiga gonakin Jazira, sai aka shiga neman ma'aikata, Hausawa kuwa suka amsa: tsinkar auduga, yashe magudanai, yankan dawa, dakon buhu. Duk aikin duƙe ne da na ɗaukar kaya, jiki da jini kuwa sai ya gaji. Likitoci sun daɗe da sanin cewa manomi ya fi sauran mutane kamuwa da zaizayewar kwatangwalo. A Birtaniya har diyya ake biyan ma'aikacin gona da ya shekara 10 a aikin, in ciwon ya kama shi.

Kwatangwalo kamar turmi da taɓarya yake. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune a wani kwarmi na ƙashin ƙugu, dukansu a lulluɓe da guringuntsi mai santsi. In guringuntsin ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Shi ne amosanin gaɓa, wanda a asibitocin Wad Madani za ka ji ana ce masa khushuna, a gida kuma a ce sanyi ne ya shige shi.

Yawanci zafin a matsematsi yake farawa, ya gangaro ta gaban cinya, wani lokaci har gwiwa. Shi ya sa wani zai shekara yana shafa wa gwiwa magani alhali ciwon yana sama. Ku lura da dattijon gidanku. Shin ya daina hawa jaki sai an ja masa shi gindin dakali? Yankan farcen ƙafa ya gagare shi? In ya zauna tahiya sai ya miƙe ƙafa ɗaya gefe, in zai tashi sai ya dafa bango? Da dare kuna jin ƙarar gadon angarib yana ta juyi? To, lokacin ɗaukar hoton ƙashi ya yi.

Ba tsofaffi kaɗai abin ke kamawa ba. Sikila tana nan cikin zuri'armu. Jinin mai sikila kan toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai kan ya mutu ya lotsa, ka ga saurayi ɗan shekara 20 yana ɗingishi. Ƙwayoyin sa ƙiba da wasu 'yan mata ke sha gabanin aure, irin masu Dexamethasone a ciki, su ma suna iya kashe wannan ƙashi. Iyaye mata, a sa ido.

[Kiɗa]

Ba kowane ciwon kwatangwalo ke kai mutum ɗakin tiyata ba. Rage ƙiba yana taimakawa, haka motsa gaɓa bisa shawarar masu gashin ƙashi, da riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Maganin kashe zafi irin su Diclofenac yana da amfani, amma wanda ya mai da shi abincin kullum yana iya gamuwa da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Mai ɗori kuwa, wanda maƙwabtanmu ke kira basir, aikinsa karaya da targaɗe. Guringuntsin da ya cinye ba ya tsirowa da ɗauri, ba ya dawowa da ƙaho ko lalas. Sai zafi ya hana barci, ya hana masallaci da gona, magani kuma ya daina ji, sannan likita ke kawo zancen sauya gaɓa.

Aikin ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita shi a asibitin Wrightington a 1962. A yanke kan ƙashin da ya lalace, a soka sandar ƙarfe mai ƙwallo a kai cikin ramin ɓargon cinya, a kankare kwarmin ƙugu a zaunar da wani ɗan kofi mai santsi. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 89 cikin 100 na irin waɗannan gaɓoɓi suna kai shekara 15, kusan kashi 58 kuma suna kai shekara 25.

A tsohuwar hanya yankan kan kai santimita 25 zuwa 30, a gefen cinya ko ta baya, a tsaga tsoka a ɗaga ta daga ƙashi. A hanyar ƙaramin yanka kuwa, tsakanin santimita 8 ne da 15. Wasu likitocin ta gaba suke shiga, su bi ta tsakanin tsoka da tsoka ba tare da sun yanke ta ba, hanyar da Robert Judet ya yi aiki da ita a Faransa tun 1947. In an dace, zafin kwanakin farko kan yi sauƙi, majiyyaci ya taka ƙafa a ranar ko washegari, ya koma gida da wuri.

To amma a nan ne muke so a kasa kunne. Ƙofar ce kawai aka rage, aikin da ake yi a ciki bai ragu ba. Ƙashin da za a yanke shi ne dai, ƙarfen da za a sa shi ne dai. Bayan 'yan watanni da wuya ka bambance wanda aka yi wa ƙaramin yanka da wanda aka yi wa babba. Ga shi likita yana aiki ta ƙunci, ba ya ganin komai a fili. In hannunsa bai faɗa ba, kofin na iya zama a karkace, ƙashin cinya na iya tsagewa, a kan kuma taɓa wata jijiya, fatar gefen cinya ta daina ji. Mai ƙiba sosai, da wanda gaɓarsa ta riga ta jirkice, da wanda aka taɓa yi wa aiki a wurin, galibi babban yanka ya fi musu. Mai sikila kuwa ramin ɓargonsa kan tsuke, ƙashinsa yana da wuyar sha'ani, kuma sai an tanadi jini da iskar numfashi da likitan jini a kusa.

[Kiɗa]

Ina za a yi? Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, Wad Madani ce ta karɓi likitoci da marasa lafiya. A Disambar shekarar dakarun RSF suka shiga garin, suka riƙe shi har zuwa Janairun 2025 da sojoji suka ƙwace shi. Asibitoci sun ji jiki, kuma a lokacin yaƙi mai rauni ake fara dubawa kafin mai amosani. Mutanen Nil Azrak kuwa tun rikicin 2022 da yawa suka bar gidajensu. Shi ya sa mai hali ke duban Masar ko Indiya, mai dangi a Najeriya kuma ya tuna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Wani sai ya jinginar da gonarsa ta hawasha, ko ya sayar da shanu, dangi su yi karo-karo.

Tunda haka ne, kada dillali ya ruɗe ku da hoton ɗan ƙaramin tabo. Ku zauna da likitan da zai riƙe wuƙar da kansa. Ku tambaye shi irin wannan aiki nawa yake yi a shekara, kuma wace hanya ya fi ƙwarewa a kanta. Ku tambayi sunan kamfanin ƙarfen da lambarsa, a rubuta muku a takarda, don likitan da zai duba ku nan gaba zai nema. Ku tambaya, in ciwon ya yi ruwa bayan kun dawo ƙauye, wa za a kira? Ƙwayar cuta in ta kama ƙarfe, sau da yawa sai an sake buɗewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kafin tafiya kuma a daidaita sukari da hawan jini, a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori da duk wani gyambo, a ajiye taba da tumbak.

Sauran aikin a gida yake, kuma na iyali ne. Makewayin tsuguno bai dace da sabuwar gaɓa ba a watannin farko. Kafin Baba ko Inna su dawo, a samu kujera mai tsawo a huda tsakiyarta a ɗora a bakin masai. A ɗaga ƙafafun angarib da bulo, a ɗaure igiyarsa tamau don kada ya lotsa. A kwashe tabarmi da igiyoyin awaki daga hanya. Salla a kan kujera malamai sun yarda da ita ga mai lalura, kada kunyar sahu ta sa a zauna ƙasa kafin likita ya ba da izini. Hawan karo da raksha a hanya mai gargada a dakata. A riƙa ɗan tattaki a tsakar gida safe da yamma, a sha maganin hana daskarewar jini yadda aka rubuta. In sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi sama-sama, ko zazzaɓi ya zo, ko ciwon yana tsiyaya, ba a jiran wayewar gari.

Wanda tiyata ba ta samu gare shi ba tukuna, ya fara da abin da ke kusa: hoton ƙashi, gwajin sikila, sanda da kujera. Matasa kuma a yi gwajin jini kafin a sa rana.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da Sudan lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]