Sulken da Tsohon Soja Ya Zaɓa wa Kansa

Idan tsohon soja ya rasu a Amurka, iyalansa kan buga taƙaitaccen tarihinsa a jaridar garinsu: rundunar da ya yi wa aiki, matar da ya bari, 'ya'ya da jikoki. Wani lokaci akan ƙara cewa mamacin ya shafe shekaru yana sa sulke da kwalkwali, yana kwaikwayon mayaƙan Turai na zamanin da. Mai karatu na iya ɗauka cike gurbi aka yi. A ganina wannan bayani ya fi sauran nuna ko wane ne mutumin, domin a soja umarni ake bi, riƙon iyali kuma nauyi ne da ke kan kowane magidanci. Sulken kuwa shi ya zaɓa wa kansa, da kuɗin aljihunsa.

Ƙungiyar da ta yi fice a wannan harka ita ce SCA, wadda ta faro daga wata gasa da aka shirya a farfajiyar wani gida a Berkeley, jihar Kaliforniya, ranar 1 ga Mayu 1966. 'Ya'yanta kan raya rayuwar da aka yi kafin ƙarni na 17, kowa ya laƙaba wa kansa suna na zamanin. Sun kasa duniya zuwa masarautu, kuma da gasar takobi ake samun sarauta. Takobin ba na ƙarfe ba ne, sandar ratan ce, wani icce mai kama da gora, amma dukan na gaske ne. Abin sha'awar shi ne ba alƙali ke cewa an ci mutum ba. Wanda duka ya samu shi zai amsa da kansa ya faɗi ƙasa. Duk wanda ya saba da amanar abokin fama zai gane wannan ƙa'ida nan take. Masarautar Drachenwald ta Turai ma asalinta sojojin Amurka ne da aka girke a Jamus. Soja idan ya tuɓe kaki, ba albashi kaɗai yake rasawa ba, har da jama'ar da suka san shi da tsarin da ya saba tashi a cikinsa, kuma a nan yakan sake samun su.

Wani zai ce ai wasan yara ne, dattijo da furfura yana fafata sanda a fili. Wanda ya taɓa kallon 'yan lifida da 'yan sulke a hawan sallah a Kano ba zai yi saurin faɗin haka ba, ko da yake namu gado ne mai sarki na haƙiƙa, nasu kuwa ƙirƙira ce. Wani kuma zai ce lokacin iyali ake ci. Ana ci, kuma sulke na da tsada. Sai dai a taron Pennsic na ƙungiyar, wanda aka fara a Pennsylvania a 1972, mutum kusan 10,000 ne ke kafa tantuna na mako biyu, da mata da yara, kuma da yawansu ba su taɓa ɗaga takobi ba. Ƙira suke koya, da saƙa, da girki, da rubutun hannu.

Sukar da ta fi nauyi ita ce masu wariyar launin fata na son fakewa da alamomin Turai na da. A 2018 sarki da sarauniyar masarautar Caid sun sauka daga sarauta bayan an ga alamar suwastika, wadda masu wariyar ke amfani da ita, a adon tufafinsu. Wannan tabo ne, babu musu. Amma 'yan ƙungiyar ne da kansu suka tayar da ƙurar har aka kai ga murabus ɗin.